Ranar da Walƙiya Ta Kai Lefe

"Ni dai na faɗa maka, ba zan shiga gwangwanin nan ba."

"Gwaggo, mota kike ce wa gwangwani?"

"To me ce ce? Abu ba gindi, kamar an datse wa tunkiya wutsiya. Ƙofa biyu rak, sai an naɗe kujera mutum ya kutsa kamar mai shiga rumbu. Ka kira mana bas ɗin Abdulhadi mu tafi da mutuncinmu."

"Bas ɗin da ake loda awaki ranar kasuwa? A ciki za a kai lefena?"

"Awakin ai lafiya suke isa."

Gwaggo Barira yayar Baba ce, kuma ita aka ɗora wa jagorancin kai lefen Yaya Hashimu gidan su Furera a Tsamiyar Liman, ranar Asabar. Mace ce mai jiki, idan ta zauna a tabarma ba a ganin tabarmar, kuma da hanci take ƙarasa magana idan ranta ya fara ɓaci. Abin da suke wa cacar baki kuwa yana tsaye a tsakar gida kusa da turken shanu: wata 'yar jar mota da Yaya ya sayo a Kano, ya raɗa mata suna Walƙiya. Tun da ta shigo gidan nan ba mu ƙara ganin tsumman goge kwano ba, duk sun koma goge ta.

"Kuma wa zai tuƙa?" in ji Gwaggo.

"Ni mana. Hannun da zai taɓa sitiyarin Walƙiya ba a haife shi ba."

"A gidan uban wa ka ga ango ya bi lefensa?"

"Ba shiga zan yi ba. A gindin kukar bakin gari zan sauke ku, in laɓe. Mutane su ga mota, kada su ga mai ita."

Gwaggo ta gyara zama, ta nuna shi da muciyar da ke hannunta. "Ka san wane ne uban Furera, Malam Kamaruddeen, kuwa? Mutumin da ya mayar wa ɗan Sarkin Fawa kayan neman aurensa, don kawai ya gaishe shi yana kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa. Shi ba ya tambayar gonarka nawa. Gwiwarka yake kallo. Idan ya gan ka a zaune a kan kujera kana ɗaga masa hannu, to ka ɗauka Furera ta wani ce."

"Ba zai gan ni ba, Gwaggo. Kuma ma kafin Asabar zan saukar da ita."

"Ka saukar da ita daga ina? A kan bishiya take?"

Yaya ya yi irin murmushin nan nasa na mai tausaya wa jahilai, ya zaro waya. A ciki wasu samari ne na wata ƙasa, motocinsu na tafiya a hankali, cikinsu na neman lasar kwalta, ko allura ba za ta wuce ta ƙarƙashi ba. Ya ce wannan shi ne yayi, motar sipot ba ta tsayawa zoƙoƙo kamar zalɓe. Ya ce aikin ba wuya: ƙarfen nan mai murɗe-murɗe da ke bayan kowace taya, sifirin, shi ake ragewa, shi ke nan. Wani mai gemu a cikin wayar ya fara nuna yadda ake yi. Daidai inda ya ɗaga yatsa ya ɓata fuska, alamar zai faɗi abin da ba a yi, hoton ya tsaya yana juyawa. Data ta ƙare.

"Sauran ai sanin kai ne," in ji Yaya, ya mayar da wayar aljihu.

Ya yanke shawarar a cikin gida za a yi aikin, a rufe ƙofa, don kada 'yan majalisa su ga sirrin kafin ranar. Jak ɗin ɗaga mota guda ɗaya ya samo aro, mota kuma ƙafa huɗu gare ta. Sai ya dubi turmin Inna.

Kafin azahar turame huɗu na kife a ƙarƙashin Walƙiya, namu ɗaya, na maƙwabta uku. Ya ce musu na ɗan lokaci ne. Unguwa ta yi tsit, babu lugude ko ɗaya, kamar an yi rasuwa.

Basiru maƙeri ne ya zo da zarton ƙarfe. Basiru fartanya da lauje yake ƙerawa, bai taɓa kwance ko keke ba, amma Yaya ya ce ƙarfe ƙarfe ne. Suka kwance sifirin na farko ba tare da sun ɗaure shi da komai ba. Ya yi wata ƙara, ya tashi sama, ya tsallake katanga. Muka ji kwatsam a gidan maƙwabta, sannan kaji suka ɗauka.

Kan Halimatu Sadiya ya leƙo ta saman katanga, mayafi a karkace. "Hashimu, ka karɓe mini turmi, yanzu kuma kana jifana da ƙarfe a tukunyar wanka?"

"Gwaji ne, Yaya Sadiya. A miƙo mana."

"Maigidana zai dawo daga gona babu fura. Me zan ce masa?"

"Ki ce masa ana aikin injiniya."

"To sai ya sha injiniyan."

Da sifirin ya dawo, Basiru ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne. Na ga idonsa ya yi wani haske. Duk maƙerin da ya san aikinsa ya san irin wannan ƙarfen shi wuƙa ke so.

"Injiniya, zagaye nawa za a cire?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? To, kai ka sani. Ni dai na ɗauka sipot kake so."

"Cire biyu."

Aka cire biyu-biyu, aka mayar, aka ɗaura tayoyi. Yaya ya ja da baya, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Motar na nan yadda take. Tsakanin taya da jikinta ma kamar ya ƙaru.

Na ce, "Yaya, ai har yanzu a kan turame take."

"Ramlat, ki je ki tsince wake. Wannan ba fannin mata ba ne."

Na je na tsince wake, a inda zan riƙa gani.

"Ba ta sauka ba," in ji Yaya.

"Ko kaɗan," in ji Basiru, yana tura gutsattsarin cikin buhunsa da ƙafa. "Irin wannan motar taurin kai gare ta."

Aka sake kwancewa, aka sake yanka. Ba ta sauka ba. Aka yi na uku. A na ukun ne Basiru ya ɓata lissafi ya zarce a ɓangaren hagu, sai aka rage na dama don su daidaita, sai na dama ya fi guntu, sai aka koma hagu. Haka wanzamin garinmu ya taɓa yi wa Liman gyaran gashin baki har aka wayi gari babu gashin bakin. Da la'asar abin da ya rage na kowane sifirin bai fi awarwaron yarinya ba, buhun Basiru kuwa sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga.

Matan unguwa suka gaji, suka shigo da kansu karɓar turamensu. Dole aka sa jak aka zare su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zare na ƙarshe, Walƙiya ta yi wani nishi, ta sauka, ta ci gaba da sauka, har ta zauna daɓas kamar kaza a kan ƙwai.

Kowa ya zuba mata ido. Wani ɗan tsako ya zo zai wuce ta ƙarƙashi, ya duba, ya fasa, ya zagaya.

Yaya ya tafa hannu. "Kun gani? Haka ake so."

"Allah ya sa alheri," in ji Basiru, ya saɓa buhu ya fice da sauri.

Ranar Asabar da hantsi aka fito da akwatuna, Gwaggo ta sha leshi da gwaggwaro, Iya Aina'u ƙanwar Inna ta zo da carbinta. Iya Aina'u siririya ce, ba ta magana sai dole, duk abin da ya faru "Allah mai iko" take cewa. Ni aka ce in bi su in riƙe ƙaramar jakar kayan kwalliya. Yaya ya fito cikin shadda fara ƙal, da baƙin tabarau, yana kaɗa makulli a yatsa. Aka buɗe babbar ƙofar da amalanke ke shiga. Ya tayar da mota, ya nufi waje.

Ya manta da dokin ƙofa.

Shekarar da ruwa ya shigo gidanmu ya jiƙa gindin rumbu, Baba ya sa aka ɗaga dokin ƙofar nan da siminti, ya kai tsawon taƙi guda. Da can Walƙiya na hawansa ta sauka ba ta ko kula ba. Yau ta sa masa haɓa, ƙum, ta tsaya.

Yaya ya ja baya ya sake zuwa. Ƙum.

Baba na zaune a inuwar zaure yana gyaran igiyar shanu. Yaya ya je ya tsuguna.

"Baba, dama dokin ƙofar nan ne, ko za a ɗan fasa gefe."

"A fasa me?"

"Kaɗan ne. Bayan biki sai a mayar."

"Shi ya tarar da motar, ko ita ta tarar da shi?"

"Ita ta tarar da shi."

"To ta gaishe shi ta wuce." Baba ya ci gaba da igiyarsa.

Yaya ya ciro ƙyauren ɗakin ajiya ya jingina a kan dokin ƙofar ya zama gada. Tayoyin gaba suka hau, ƙyauren ya ce ƙaras, ya rabe biyu. Inna ta leƙo daga madafi, ta kalli ƙyauren, ta kalli ɗanta, ta koma ciki. Ɗan fari ne, ba ta iya yi masa faɗa a gaban mutane, amma yadda ta ajiye murfin tukunya har waje an ji.

Sirrin da ake ɓoye wa 'yan majalisa, dole aka aika aka kira su. Suka zo su goma sha wani abu, suka kewaye motar suna kallo.

"Hashimu, ciwon ciki take yi?"

"Wa ya zauna mata a ka?"

"Ku dai ba ku fita waje," in ji Yaya. "Wannan shi ake kira sitayil. Ku kama mu ɗaga."

Suka kama ta ko'ina, irin yadda ake ɗaukar jinkar ɗaki, wani na ba da baki, saura na amsawa. Suka ɗaga ta suka tsallake da ita, suka dire a waje. Wani tsoho mai wucewa a kan jaki ya tsaya, ya cire hula, ya tambaya ko yaushe ta cika. Bambar gaba kuwa a cikin gida ta zauna, ta maƙale a dokin ƙofa. Yaya ya ce dama nauyi take ƙara wa mota.

Aka zo lodi. But ɗin Walƙiya akwati biyu ya ci. Aka ɗora ɗaya a kujerar gaba, sauran aka ɗaure a rufi da igiyar da Baba ya gama gyarawa. Ni da Iya Aina'u muka kutsa baya. Sannan aka zo kan Gwaggo. Ta sa kai, ta sa kafaɗa, gwaggwaro ya tuɓe, ta fito. Ta juya ta gwada da baya.

"Ramlat, ja ni."

"Ina ja, Gwaggo."

"Ba zanena na ce ki ja ba."

Da ta faɗa kan kujera, motar ta karkata ɓangarenta ta yi ƙara kamar an taka kwaɗo. Iya Aina'u ta gangaro ta manne da ni, ni na manne da Gwaggo.

"Allah mai iko," in ji Iya Aina'u.

Muka kama hanya. Duk ɗan dutsen da taya ta taka sai mun ji shi a haƙoranmu. Ba mu yi nisa ba wani ƙauri ya cika motar.

"Me ke ƙonewa?" in ji Gwaggo.

"Taya ce ke gaisawa da bodi. Haka sababbin saiti suke yi."

"Buɗe gilashi mu sha iska."

Gilashin ɓangarensa ya sauka kamar faɗin tafin hannu ya tsaya. Dama can haka yake, ya ce shi ma sitayil ne. Na ɗaya ɓangaren akwati ya tokare.

Muka hau kwaltar Minjibir, Yaya ya gyara tabarau, ya ce yanzu za mu ga aiki. Ya manta cewa kowane ƙauye a hanyar nan ya yi wa kansa tudun rage gudu, kuma kowane ƙauye na gasa da na gaba wajen tsayi. A tudu na farko ya tsaya.

"Sai kun ɗan sauka."

Aka fitar da akwatin gaba, aka naɗe kujera, aka ja Gwaggo, muka tsallaka da ƙafa. Ya haye a karkace kamar kaguwa. Aka mayar da Gwaggo, aka mayar da akwati. A tudu na biyu aka maimaita. Masu sayar da rake suka bar rakensu suka biyo mu don su ga na uku. Bas ɗin Abdulhadi ta zo ta wuce mu, awaki na leƙowa ta taga, Abdulhadi ya danna mana hon ya ɗaga hannu.

A na uku Gwaggo ta ce, da hanci, "Ko Mala'ikan mutuwa ne ya zo, sai dai ya same ni a nan."

"Gwaggo, ba za ta hau ba."

"To ka goya ta."

Ya ja baya, ya taka mai. Muka ji ƙuuu a ƙarƙashinmu, sannan wani abu ya faɗi ƙwal. Nan take muryar Walƙiya ta canza, ta koma irin ta injin niƙa da ya haɗiyi dutse. Wani mai rake ya biyo mu da gudu riƙe da salansa da gefen rigarsa don zafi. Babu wurin sa ta a ciki, sai aka soke ta a cikin igiyar rufi, a saman akwatin atamfofi.

"Yanzu ne ma ta samu murya," Yaya ya faɗa da ƙarfi, don sai da ƙarfi ake ji. "A waje kuɗi ake biya a yi wa mota haka."

"Ka ce za ka laɓe," in ji Gwaggo. "Da wannan rurin? Matattun Tsamiyar Liman ma sun san ka taho."

Daga kwalta aka sauka burtali. Damina ta ja baya, ƙasa ta bushe, amma amalanken shanu sun bar ramuka biyu dogaye da tudu a tsakiya kamar bayan raƙumi. Gero ya yi kai ta kowane gefe, gyaɗa ta nuna. Walƙiya ta sa tayoyinta a ramukan, cikinta ya hau tudun, ta fara aske shi. Ƙasa na tashi ta gaba, ciyawa na taruwa, mu kuma muna ji kamar ana jan mu a faranti.

Can muka hango kukar bakin gari. Tsakaninmu da ita burtalin ya nutse sosai, har da sauran taɓo. Yaya ya tsaya, ya cire tabarau, ya duba hagu. Wata gonar gyaɗa ce shimfiɗe, kunyoyinta a miƙe har gindin kukar.

"Ta nan za mu yanke."

"Gonar mutane ce," in ji Iya Aina'u. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi a ranar.

"Tsakanin kunyoyin zan bi, ko ganye ba zan taɓa ba. Iya, ni fa a Kano na koyi tuƙi."

Ya karya kan mota ya shiga. Gaskiya ne tayoyin a kwari suka bi. Abin da bai lissafa ba shi ne kunyar da ke tsakaninsu. Cikin Walƙiya ya shige ta kamar garma. Na waiwaya ta gilashin baya, na ga gyaɗa na fitowa a bayanmu reshe-reshe, a kife, 'ya'yanta a sama, layi guda tsaf, ko ɗan ƙwadago ba zai yi aikin da ya fi wannan kyau ba.

"Yaya, kana cirar gyaɗa."

"Yi mini shiru."

Ya ƙara mai. Motar ta yi ruri, ta yi gaba kaɗan, tayoyin suka haƙa, suka haƙa, ta nutse, ta mutu. Shirun da ya biyo baya har kunne yake sosawa.

Yaya ya tura ƙofarsa. Ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu ta daki ƙasa. Ya miƙa ta kan akwati ya tura ɗayar. Ita ma haka. Kunya ta dama da kunya ta hagu sun riƙe mu kamar awartaki.

Daga can ƙarshen gonar wasu mutane suka miƙe daga sunkuyo, fartanyoyi a hannu. A gabansu wani dattijo dogo, farin gemu, da malafa, yana tahowa ba sauri ba nawa.

Gwaggo ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Hashimu, ka san gonar wa ka nome?"

Dattijon nan Malam Kamaruddeen ne da kansa. Na ga wuyan Yaya ya jiƙe da gumi.

Ba su kaɗai ba ne. Matan gidan su Furera da ke zaune suna jiran 'yan kawo lefe sun ji rurin tun daga burtali, sun fito bakin gari tarya, da yara, da 'yammata, da wata mai guɗa da ta riga ta fara tun kafin ta ga abin da take wa guɗar. Da ta ƙaraso ta gani, guɗar ta sauka a hankali ta ƙare kamar an sace wa balan-balan iska.

"Buɗe but," in ji Gwaggo. "Ta baya za mu fita."

Yara suka ɗaga murfin, suka sauke akwatuna biyun. Na haura ta kan kujera na fito. Iya Aina'u ta zame ta fito kamar zare a allura. Gwaggo ta haura, kai da kafaɗu suka fito duniya, sauran ya tsaya tsakanin kujera da rufi. Ba gaba, ba baya. Da ita da hanyar fitar Yaya duk suka toshe.

Wata gwaggon Furera ta matso, ta rasa ta inda za ta fara. Ta durƙusa daidai fuskar Gwaggo.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau," in ji Gwaggo daga cikin but, gwaggwaro a kan ido ɗaya. "Ya muka same ku? Ya hidima?"

"Alhamdu lillahi. Ya hanya?"

"Hanya ta yi kyau."

Wata kuma tana ƙirga akwatunan rufi da ido, ta kai kan salansa. "Wannan ma a cikin kayan yake?"

"Na turaren wuta ne," in ji wata 'yar budurwa, aka kwashe da dariya, aka rufe baki da mayafi saboda Malam ya iso.

Malam Kamaruddeen ya tsaya ya dubi layin gyaɗar da aka cire, tun daga bakin burtali har zuwa inda muke. Ya sunkuya ya ɗauki reshe guda, ya kakkaɓe, ya ɓare ƙwaya ɗaya ya duba. Sannan ya zagayo ɓangaren direba, ya tsaya a gaban gilashin nan mai faɗin tafin hannu.

"Salamu alaikum."

Abin da Gwaggo ta faɗa tun ranar farko shi ne ya tabbata: ga Malam a tsaye a rana, ga mai neman 'yarsa a zaune a kan kujera. Ta gilashin gefe na hango Yaya yana kokawa. Ya tuɓe takalma. Ya zame daga kujera yana neman ya tsuguna tsakaninta da sitiyari, gwiwa ɗaya ta shige ƙarƙashin giya, shadda ta ce ɓarrr. Ya samu ya dunƙule, ya sunkuyar da kai don gaisuwa. Goshinsa ya sauka a kan hon.

Malam ya ɗan ja da baya.

"Allah gafarta Malam, barka da..." Hon.

"Ina wuni, ina gaji..." Hon.

Duk sunkuyawa ɗaya, hon ɗaya. Yara suka zube a cikin gyaɗa suna birgima. Iya Aina'u ta juya baya, kafaɗunta na rawa, carbi na kaɗawa.

Malam ya jira har hon ya huta. "Wane ne a ciki?"

"Hashimu ne, Allah gafarta Malam. Na gidan Malam Abdussalam."

"Hashimu. A tsaye kake, ko a zaune?"

"A durƙushe, Allah gafarta Malam."

Malam ya sunkuya ya kara ido a gilashin, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe. "Haka ne, a durƙushe yake." Ya ja baya ya ƙare wa motar kallo, daga inda bamba ya kamata ta kasance har zuwa Gwaggo. "Ita kuma wannan me ya same ta? Na san mota da ƙafafu."

Na san Yaya. Ko a rijiya ya faɗa zai ce wanka ya shiga. Muryarsa ta fito ta 'yar kafar gilashin, a ladabce.

"Ai da gangan na yi, Allah gafarta Malam. Na ga bai kamata in zo garinku ni in durƙusa, abin hawana na tsaye ba. Shi ya sa na sa aka rage mata ƙafa."

Gwaggo ta rufe ido. Na ji tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa.

Gemun Malam ya motsa. Ya sa hannu ya shafe shi, ya kalli sama, ya kalli gyaɗar da ke hannunsa, ya yi gyaran murya har sau biyu kafin maganar ta fito daidai.

"Na taɓa sallamar wanda ya gaishe ni a kan babur. Wanda ya zo da abin hawansa suka durƙusa tare, ban taɓa gani ba, kuma ban san hukuncinsa ba." Ya juya wajen matan. "Ku shiga da kayan, an karɓa. Ku bar ƙarfen nan na sama. A ciro baiwar Allah nan a hankali. Wani ya je ya ce a kawo shanun huɗa da igiya."

Mai guɗa ta dawo da guɗarta daga inda ta ajiye. Mata huɗu suka kama Gwaggo, biyu a kowane hannu, suka ja, ta fito kamar an zare toshiyar tulu. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗora gwaggwaro, ta bi bayan akwatuna da taƙama kamar daga jirgi ta sauka. Da ta zo daidai gilashin ta rage murya.

"Da bas ɗin Abdulhadi zan koma. Da awakin."

Malam bai tafi ba. Ya sa sandar fartanya ya ɗan ƙwanƙwasa rufin motar.

"Hashimu."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Layin nan da ka fara, saura goma sha ɗaya irinsa. Gobe da safe ka zo da fartanya, ba da wannan ba."

"In sha Allahu."

"To madalla. Mun amsa gaisuwarka, mun amsa tata. Sai ka ce mata ta tashi."

Shanun huɗa sun iso, mai su na warware igiya. Ma'aikatan gona sun jingina da fartanyoyinsu, yara sun yi da'ira, kowa ya zuba wa 'yar kafar gilashin ido.

"Ba ta tashi a gaban manya, Allah gafarta Malam. Sai kun wuce."